Tagar Gabas

A cikin kayan da Mama ta haɗa wa Amarya, can ƙarƙashin zannuwan gado, akwai wata jaka mai nauyi da ba wanda ya san da ita sai su biyu. Kwaɗuna ne a ciki, manya da ƙanana, kowanne da makullansa ɗaure da zare.

"Inda za ki, ko ihu kika yi sai dai tsuntsaye su amsa miki," in ji Mama. "Ki rufe komai. In an buga ƙofa kada ki amsa."

Ba laifinta ba ne. A unguwarsu ta birni kowace taga da ƙarafunanta, kowace katanga da fasassun kwalabe a kanta, duk da haka an taɓa shiga musu da rana tsaka aka kwashe har da tukunyar da ke kan wuta. Shi ya sa ranar da Likita ya zo neman auren 'yarta, likitan dabbobi mai gona a ƙarshen duniya, sai da ta sa ya durƙusa ya yi mata alkawari: ranar da Amarya ta buɗe baki ta ce tana jin tsoro, ranar zai sa gonar a kasuwa su dawo birni.

Amarya ta san zai cika. Ta kuma san yadda yake zama a birni, kamar wanda aka cusa wa takalmin da bai kai shi ba, yana ta kallon sama ta tsakanin wayoyin lantarki. A gona kuwa har tafiyarsa daban ce. Don haka ta ƙudura a ranta cewa kalmar nan ba za ta fito daga bakinta ba, ko da zuciyarta za ta tsinke.

Wurin kuwa ya yi kyau har yana ba ta haushi. Ciyawa ce shimfiɗe iya ganin ido, sai kwari a gabas, sai tudu a yamma. Gidan da ya fi kusa da su yana tsallaken kwarin, daga nan ba ka ganin komai nasa sai rufin kwano yana ƙyalli kamar ƙwayar madubi da ta faɗi a ciyawa. Waya ba ta samun sabis sai an hau matakalar tankin ruwa har sama. Ƙofar gidan tana da sakata, amma tsatsa ta cinye ta tun ba a haifi Amarya ba. Sito a buɗe yake kwana. Makullin babur a jikin babur yake zama.

"To in ɓarawo ya zo fa?" ta taɓa tambayarsa, tana dariya don kada ya gane.

"Kafin ya iso nan ƙishirwa ta kama shi. Sai ki ba shi ruwa."

Abin da ya riƙe ta a makonnin farko taga ce. Kowace safiya, kafin ya ɗora ruwan shayi, Likita yakan tashi ya tura marufin tagar gabas ta ɗakinsu, katako ne mai kauri, wajensa baƙi, cikinsa fari fat. Hasken safiya sai ya zubo kan gado, ya sauka daidai fuskarta. Ita kuma ta runtse ido tana barcin ƙarya, tana jin tsayuwarsa a wurin. Ta karanta littattafan soyayya har ba ta san adadinsu ba, an ba mata furanni, an rubuta musu waƙa, an ƙetare teku dominsu, amma ba ta taɓa cin karo da wanda ke kawo wa matarsa rana har kan filo ba. Ta hau tanki ta ba ƙawayenta labari, sai da suka ce ta isa haka.

Sai aikin allurar shanu ya taso a can bayan kogi, na 'yan kwanaki. Safiyar da zai tafi ya buɗe tagarsa kamar kullum, sannan ya zagaya da ita gidan yana nuna mata komai: yadda ake kunna famfo, inda abincin kaji yake, maganin tunkiya mai ɗingishi, da wayar lantarkin da in ta taɓa za ta ja ta.

"Akwai abin da na manta?"

"Ka manta ka ce za ka yi kewata."

"Wannan ai ba sai an faɗa ba."

Ya hau babur. Ta tsaya tana kallonsa yana ƙanƙancewa a kan hanya har ya koma kamar tururuwa, sannan shiru ya rufe gidan.

Ta kunna rediyo da ƙarfi don ta kori shirun, ta zagaya bayan ɗaki ta yi wanki har rana ta take. Da ta dawo gaba da bokiti a hannu, sai ta ga bangon sito tsirara. Dogon tsanin da ke jingine a wurin babu shi. Igiyar da ke rataye kusa da shi ita ma babu. A ƙasa ga sawun taya mai faɗi, ya shigo, ya juya, ya fita. A bakin ƙofar ɗaki kuma an ajiye kwalba cike da zuma, ba takarda, ba komai.

Ta daɗe tana kallon kwalbar nan. A littattafan da ta karanta, ɓarawon da ya bar kyauta ya fi kowane ɓarawo haɗari, don alama ce zai dawo. Kuma me ake yi da tsani da igiya in ba hawa rufin mutane ba? Ta ɗauki sanda ta tura kwalbar nesa da ƙofa, ta hau tanki ta kira Mama.

"Muryarki ba daidai take ba," in ji Mama tun kafin su gama gaisawa.

"Iska ce, Mama. A sama nake."

"Ni na haife ki. Me aka ɗauka?"

"Tsani ne kawai. Da igiya."

Mama ta yi salati. "Yau tsani, gobe ke. Ki faɗa mini kalma ɗaya, yayanki ya zuba mai a mota ya taso. Kina jin tsoro ko ba kya ji?"

Kalmar ta taso har maƙogwaronta. Sai idonta ya sauka kan bishiyoyin lemon da Likita ya dasa da hannunsa, kowacce ya zagaye ta da ƙaya saboda awaki, ko kai ƙugunta ba su yi ba tukuna.

"Zan kira ki gobe da rana, Mama."

"Zan sa ya wanke motar."

Da ta sauko ta ciro jakar kwaɗuna. Ta sa wa sito, ta sa wa ɗakin magunguna, ta sa wa kejin kaji, har tunkiya mai ɗingishi sai da ta samu nata. Ta zuba wa sakata man girki ta doke ta da dutse har ta shiga. Ta ja marufin kowace taga ta ɗaure daga ciki. Da ta zo kan tagar gabas ta ɗan tsaya, ta shafa farin fentin, sannan ta rufe. Wa zai kawo mata rana, bayan mai kawowar yana bayan kogi?

Washegari ta bar komai a rufe. Ta sha shayinta a ɗaki mai duhu, hasken rana yana shigowa siriri ta tsagin katako. Tana cikin lissafin yadda za ta ruga ta watsa wa kaji hatsi ta dawo, sai ta ji ƙarar inji daga wajen kwari, tana matsowa da gaggawa.

Ta manna ido a tsagin ƙofa. Tarakta ce ta shigo tsakar gida da gudu har tana tsalle. Wanda ke tuƙi ya rufe jikinsa ruf da farin kaya, hannuwansa cikin safa, fuskarsa cikin baƙar raga. Wani ƙato ya diro daga baya, daga shi sai singileti, riƙe da dogon ƙarfe. Mai ragar ya jawo gatari.

Amarya ta ja da baya ta lalubo taɓarya.

Aka buga ƙofa. "Amarya? Amarya, kina ciki?"

Har sun san yadda ake kiranta. Ta toshe bakinta da hannu, kamar yadda Mama ta koya mata.

"Ba ta amsawa," in ji ƙaton. "Zagaya ka duba taga."

"Duk a ɗaure suke daga ciki. Ni dai ban ji motsi ba."

"To ba jira. Kawo nan."

Bakin ƙarfe ya shigo tsakanin ƙofa da bango. Katako ya yi ƙara, sakatar da ta sha mai jiya ta fara lanƙwashewa. Amarya ta ji abin da ta karanta a littattafai duk ya gudu ya bar ta, sai muryarta kawai ta rage.

"Mijina yana ciki. Kuma yana da bindiga."

Ƙarfen ya tsaya cak.

"Alhamdu lillahi," in ji ƙaton, har da ajiyar zuciya. "Tana da rai."

"Bindiga?" in ji mai ragar. "Likitan da in ya kama ɓera sai ya kai shi bayan tudu ya sake shi, har da ba shi haƙuri?"

"Na kira 'yan sanda. Suna hanya."

"Ni ne 'yan sandan, Amarya," in ji ƙaton. "Duka-dukansu. Sajan ne. Kuma in kin kira ni daga cikin ɗakin nan, ki nuna mini inda kika tsaya, ni ma in riƙa zuwa ina yin waya."

"Sajan da singileti?"

"Rigar tana rataye a gidan Iya, maƙwabciyarku. Kejin kajinta nake gyarawa."

"Ƙarya ne. Wanda ke tare da kai me ya sa ya ɓoye fuska?"

"Kai, cire abin nan mana, ka tsorata yarinya."

"Na manta yana kaina," in ji mai ragar. "Daga wajen amyar zuma aka taso ni."

Sai ta ji wata murya daban, ta tsohuwa, tana haki. "Ku matsa, ku ba ni wuri. Mutum biyu sun kasa sauko da ni daga kan wannan shegiyar mota, sai da na zamo da kaina." Sanda ta ƙwanƙwasa ƙofar a hankali. "'Yar nan, ni ce Iya ta tsallaken kwari, wadda ta kawo miki ƙwai ranar da kika zo. Lafiyarki ƙalau? Ba ki faɗi ba? Ba abin da ya sare ki?"

"Lafiyata ƙalau, Iya."

"To me ya hana ki buɗe mini taga?"

Sakatar ta lanƙwashe, sai da Sajan ya taimaka da ƙarfensa daga waje kafin ƙofar ta buɗe. Amarya ta fito da taɓarya a hannu, rana ta kashe mata ido. Mai ragar ya cire ragarsa, sai ga dattijo mai furfura da kumburarren kunci ɗaya, wanda ta tuna an nuna mata shi a matsayin Mai Zuma na kan tudu. A bayan taraktar kuma ga tsani ɗaure da igiya.

"Tsaninmu," ta ce.

"Tsanina dai," in ji Mai Zuma. "A nan yake zama saboda gidanku ne a tsakiya. Jiya na yi sallama har muryata ta dishe, rediyonki ne kawai ya amsa. Kin ɗanɗani zumar?" Idonsa ya faɗa kan kwalbar da ke kwance cikin ciyawa, tururuwa sun kewaye ta. Ya ɗauko ta ya goge da hannun riga.

Ta shigar da su, ta buɗe tagogi, ta ɗora ruwan zafi. Iya ta zauna a kujerar Likita kamar tata, ta ciro wani tsohon madubin hangen nesa daga cikin zaninta ta ajiye a kan tebur.

"Kowace safiya da wannan nake duba gidanku," ta ce. "In na ga fari, kun tashi lafiya, sai in ci gaba da harkata. In rana ta ɗaga ban ga fari ba, sai in doki ƙarfen tayar da ke rataye a bishiyata, wanda ya ji ya taho. Ni ma akwai mai duba tawa daga can gangare. Haka muke, gida yana riƙe da gida. Wai bai gaya miki ba?"

"Ya gaya mini famfo. Ya gaya mini tunkiya."

Sajan ya yi dariya har shayinsa ya zube. "Ba zai tuna ba. Tun yana hawa kujera kafin ya kai tagar yake buɗe ta. Ke za ki gaya wa baƙo ya riƙa numfashi?"

"To ba a sata ke nan a nan?"

"Ana yi, kada in yi miki ƙarya," in ji Sajan. "Bara wasu masu wucewa ta babbar hanya sun zuƙe man tarakta biyu. Batirin wutar hasken rana na makaranta ma an ɗauke shi, har yau ina jin haushin abin. Amma ki tambaye ni abin da ya fi fitar da ni da gudu: wanda ya faɗo daga rufi, wanda maciji ya sara, mace mai naƙuda ita kaɗai. Ɓarawo sai ya sha tafiya kafin ya same ki. Santsin bayan gida kuwa yana nan tare da ke."

Iya ta juya madubin a hannunta. "Nasa ne, mai gidana. Na je wajen 'yata haihuwa, shi kuma ya faɗi a ɗaki. Da an leƙa da wuri, da ya ga jikarsa." Ta mayar da shi cikin zani. "Bayan nan muka sayi farin fenti."

Amarya ta ji idonta ya cika. Ta juya tana neman cokalin da ke hannunta.

"Ke ma da naki aikin," in ji Mai Zuma. "Zo ki gani." Ya kai ta tagar kicin, ya nuna can kan tudu, inda wani ɗan farin ɗigo yake tsakanin bishiyoyi. "Tawa ke nan. Gidanku ke duba ni. Yau da na mutu, sai ƙudan zumana ne za su yi mini wanka."

Ta tuna Likita tsaye a nan kowace safiya da kofi a hannu, idonsa can nesa. Ta ɗauka tunani mai zurfi yake yi, har tana takawa a hankali kada ta katse masa. Ashe dattijo mai kumburarren kunci yake dubawa. Dariya ta zo mata, amma sai ta tuna da tagar gabas. Ta koma kusa da Iya ta yi ƙasa da murya.

"Ke nan tagar ɗakinmu, ke yake buɗe wa."

"Ni mana. Wa kika zata?"

Amarya ta sunkuyar da kai. Iya ta dube ta, ta dube ta, sannan ta ja tsaki mai taushi.

"Da can, in ya tura marufin sai ya ɗaga mini hannu ya wuce. Tun da kika zo gidan nan ko gaisuwar babu. Yana buɗewa sai ya juya mini baya ya kafe a wurin, yana kallon abin da ban sani ba a cikin ɗaki. Na gaji da kallon ƙeyar yaron nan, 'yar nan. Har na san inda wanzami ya yi masa kuskure."

Amarya ta rufe fuska da mayafi. Mazan suka ga wannan ba zancensu ba ne, suka fita duba ƙofa.

Kafin su tafi ta zagaya da makullai tana cire kwaɗuna. Tunkiya ta fito tana harararta. Da ta kai ɗakin magunguna, Sajan ya ɗaga hannu.

"Wannan bar shi. Shekara nawa ina gaya wa mijinki ya rufe ɗakin nan, yana ce mini wa zai sha maganin tsutsar shanu. Kuma in kina da babba guda da ba kya so, makaranta ta sayi sabon batiri."

Ta ba shi wanda ya fi kowanne nauyi. Iya ta zaɓi ƙarami saboda wani bunsurunta da ya iya buɗe sito da hanci.

Rana ta take lokacin da ta hau tanki. A ƙasa Mai Zuma yana daidaita sakata da guduma, Sajan yana gaya masa ba haka ake yi ba. Wayar ko gama ƙara ɗaya ba ta yi ba Mama ta ɗauka.

"An wanke mota. Ya taso?"

"A'a, Mama. Ya yi zamansa."

"An kama ɓarawon?"

"Ga shi nan ƙasa yana gyara mini ƙofa."

"Ke, ba na son shashanci. Tambaya ɗaya na yi miki jiya."

Amarya ta dubi kwarin, da rufin da ke ƙyalli a tsallakensa, da farin ɗigon kan tudu. Jiya duk wannan fili ne kawai, babu kowa a cikinsa.

"Jiya na ji, Mama, sosai ma. Yau ba na ji. A gidanmu na birni in ban tashi da safe ba, wa zai sani in ba ke ba? Nan in na makara, da gatari ake zuwa gaishe ni."

Mama ta nemi inda za ta kama maganar ta rasa. "Kwaɗunan fa?"

"Suna aiki. Har makaranta ɗaya ya shiga."

"Allah ya shirye ki. Ki dai riƙa rufe ƙofa."

"Zan riƙa rufewa. Taga ce ba zan rufe ba."

Labarin ya riga Likita isowa gida, don tun a bakin kogi aka tare shi da shi, an ƙara masa gishiri har an ce ta fasa wa Sajan kai da taɓarya. Ya sauka daga babur bai ko kafe shi da kyau ba, fuskarsa duk ta faɗa.

"Laifina ne. Wallahi ko kaɗan bai zo mini ba." Ya dubi bishiyoyin lemonsa, ya kawar da kai. "Na yi wa Mama alkawari. In kin ce mu tafi…"

"In mun tafi wa zai duba Mai Zuma? Shigo da kayanka, ka yi wanka, warin shanu kake yi."

Da safe ya motsa zai tashi kamar kullum, sai ya tarar gefensa babu kowa. Tana tsaye a bakin tagar gabas, hannunta a kan marufin.

"Koma ka kwanta," ta ce. "Rufe ido."

Ta tura katakon. Haske ya zubo ya sauka a kan fuskarsa, da gemun da bai aske ba, da murmushin da yake ƙoƙarin dannewa. Ta ɗaga wa tsallaken kwari hannu sau ɗaya, don kada a ce ba ta da tarbiyya, sannan ta juya wa Iya ƙeya.